Daga Damagaram zuwa Niyok: kilomita nawa ne a gaskiya?

Idan mutum ya tambayi wayarsa nisan da ke tsakanin Damagaram da birnin Niyok na Amurka, amsar da zai samu tana wajen kilomita 8,400. Jirgin fasinja na zamani, idan ya gama hawa ya daidaita a sama, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Mai saurin lissafi zai raba ya ce ashe tafiyar awa goma ce, ka yi asuba a Birni ko a Zango, kafin magariba kana can. Amma duk gidan da aka taɓa raka ɗan'uwa tasha, aka dawo ana jiran ya kira ya ce ya sauka lafiya, an san kwana biyu ake yi a hanya, wani lokaci har uku. Lambar da wayar ta bayar daidai take. Abin da ba ta faɗa ba shi ne babu wani ɗan Damagaram da ya taɓa bin wannan hanyar mai kilomita 8,400, kuma dalilan da suka hana shi sun cancanci a baje su a faifai.

A fara da ita lambar. Daga ina ta fito?

Taswirar duniya da muka saba gani a bangon aji ta samo asali ne daga aikin wani masani mai suna Gerardus Mercator, wanda ya fitar da ita a shekarar 1569. Don matuƙan jiragen ruwa ya zana ta, yadda idan suka saita alkibla guda suka riƙe ta, layinsu a kan takarda zai fito a miƙe. Ta yi musu amfani ƙwarai, sai dai an biya farashi. Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta a tsakiya ya kai kilomita 40,075, kuma ba yadda za a yi a shimfiɗa dunƙulallen abu a kan takarda ba tare da an ja wani sashe ya buɗe fiye da ƙima ba. A taswirar Mercator ƙasashen da ke can ƙurya arewa ne suka kumbura. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Wanda ya ɗora rula a kan irin wannan taswira ya ja layi daga Damagaram zuwa Niyok, layin zai yi kyau a ido, amma ba shi ne mafi kusa ba.

Mai son ya gani da idonsa ya samu kankana, ya ɗiga alama biyu a jikinta nesa da juna, ya ja zare tsakaninsu har ya miƙe tam. Inda zaren ya kwanta da kansa, nan ce gajeriyar hanya. Da za a bi zaren da wuƙa a zagaye, kankanar za ta rabe gida biyu daidai wa daida, domin yankan ya ratsa ta tsakiyarta. Wannan layi shi masana ke kira babbar da'ira, kuma da shi ake auna nisan jirgin sama tsakanin kowane gari biyu a duniya. Daga Damagaram, zaren da ya nufi Niyok arewa maso yamma yake fara dosa. Ya ratsa ƙasar Azawak, ya shiga arewacin Mali, ya gifta arewacin Muritaniya da Yammacin Sahara, sannan ya faɗa tekun Atalantika ta wajen tsibiran Kanari. Daga nan ya wuce ta kudu da tsibiran Azor, yana ƙara lanƙwasa har ya zamana yamma sak yake kallo lokacin da zai shiga gaɓar Amurka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a kan hamada ake yin sa, sauran kilomita wajen 5,700 kuwa ruwa ne zalla. A gare mu da ke kusa da tsakiyar duniya, bambancin layin rula da layin zare bai wuce kilomita 200 ba. Ga biranen arewa abin ya fi haka yawa, shi ya sa jirgin da ya tashi daga Landan zuwa yammacin Amurka yake bi ta saman Girinlan da ƙanƙarar Kanada, fasinja yana kallon allon kujerarsa yana zaton an ɓata hanya.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga Musulmi, don da shi ake fitar da alkibla. Mu a Damagaram gabas muke fuskanta da ɗan karkata zuwa arewa, kuma tsakaninmu da Makka kilomita ne wajen 3,370. Amma ɗan'uwanmu da ya sauka Niyok, idan ya shiga masallaci a Harlem ko Bronx, zai tarar da sahu yana kallon arewa maso gabas. Da yawa abin yakan ɗaure musu kai da farko, tunda a taswira Makka tana kudu maso gabas da Amurka. Zaren ne ya raba gardama: gajeriyar hanya daga Niyok zuwa Ka'aba ta arewa maso gabas take farawa. Malamai irin su Al-Biruni sun yi wannan lissafi na alkibla a kan dunƙulalliyar duniya tun ƙarni na 11, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera jirgin sama. Kwamfutar da ke gaban matuƙi a yau, tushen lissafinta shi ne nasu.

Wani ƙaramin abu da ke rikita mutane shi ne ma'auni. Wata manhaja za ta ba ka kilomita, wata mil na ƙasa mai mita 1,609, matuƙa kuma da mil na teku suke aiki, mai mita 1,852. Tafiya guda ce za a ce maka 8,400, ko 5,200, ko 4,500, kuma duk babu wanda ya yi kuskure.

To, ko da an samu jirgin da zai bi zaren nan tiryan-tiryan, awannin zuwa da na dawowa ba za su zo ɗaya ba. Akwai masu cewa ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi, shi ya sa wani gefen ya fi sauri. Ba haka abin yake ba, domin iskar da jirgi ke tafiya a cikinta tare take juyawa da duniya. Abin da ke kawo bambancin wata iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa a can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja ke bi. Daga yamma take tasowa ta nufi gabas, tana bin iyakar da iska mai sanyi ta arewa ke haɗuwa da mai ɗumi ta kudu, kuma a lokacin hunturu gudunta kan haura kilomita 200 a awa. Jirgin da ya baro Amurka zuwa Turai ko Afirka ta Arewa yakan nemi wannan iska ya shiga cikinta ta tura shi. Mai zuwa Amurka kuwa kauce mata yake yi, ko da hanyar za ta ƙara tsawo, don gara a ƙara kilomita ɗari biyu da a yi ta kokawa da iska awa bakwai ana ƙona mai. A watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar da aka yi wa laƙabi da Ciara, wani jirgin British Airways ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar kilomita 5,540 da aka saba yi a awa shida da ɗoriya. Saboda wannan iska ne cibiyoyin kula da zirga-zirgar jirage na Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ailan suke sake shata hanyoyin arewacin Atalantika kowace rana. Hanyar jiya ba lallai ta zama ta yau ba.

Sai batun tsaro, wanda shi ne ya fi tsaya wa iyayenmu a rai idan aka ce ɗansu zai ƙetare teku. Tambayarsu kullum ita ce, idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa fa? Tambaya ce mai kyau, kuma dokokin sufurin sama a kanta aka gina su. Shekaru da dama dokar Amurka ba ta yarda jirgi mai inji biyu ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka ba. Shi ya sa a da manyan jirage masu inji uku ko huɗu ne ke ƙetare teku. Da injuna suka ƙara inganci, a 1985 aka buɗa zuwa minti 120, a 1988 zuwa 180, kuma a yau akwai jirage irin su Airbus A350 da aka amince su yi nisan minti 370 da inji guda. Kafin kowane jirgi ya tashi, sai an rubuta filayen da zai nufa idan wani abu ya faru: Sal a Kef Bad, Lajes a tsibiran Azor, Bamuda, Gander, Keflavik a Aisilan. Wasu daga cikin wuraren nan ƙananan tsibirai ne da yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba, amma su ne suka sa tafiyar take yiwuwa. A watan Agusta na 2001 wani jirgin Air Transat da ya taso daga Toronto zuwa Lisbon da mutum 306 ya yi yoyon mai har injinansa biyu suka tsaya a kan teku. Matuƙan suka lallaɓa da shi ba inji har ya sauka Lajes, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Akwai kuma ranar da ba a tsira ba: jirgin Air France mai lamba 447, daga Riyo zuwa Faris, ya faɗa Atalantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudunsa a yankin hadari kuma matuƙan suka kasa shawo kansa. Wannan yankin hadari da ke zagaye tsakiyar duniya shi ne dai yake haurowa arewa ya kawo mana damina a Yuli da Agusta. Mu muna roƙon Allah ya kawo shi, matuƙa kuma suna kallon sa a na'ura suna zagaye shi.

Duk waɗannan, siffar duniya da iska da dokar tsaro, idan aka tara su ba za su ƙara wa tafiyar fiye da awa ɗaya ko biyu ba. Ragowar wahalar daga ƙasa take, kuma mutane ne suka shirya ta. A nan ne ni abin yake ci mini rai.

Damagaram tana da filin jirgi, amma babu jirgin fasinja da ke tashi daga nan ya ƙetare teku. Matafiyi sai ya kama hanyar Yamai: Takeita, Tasawa, Maradi, Madawa, Ƙonni, Doso, kilomita wajen 890 a mota, yini guda cur, a tashi kafin asuba a isa da dare. Bayan duk wannan gajiya, nisan da ya rage masa zuwa Niyok kilomita 7,860 ne, wato abin da ya ci daga ainihin tafiyar bai wuce 550 ba. A filin jirgin Diori Hamani kuma babu jirgin da ke zuwa Amurka kai tsaye. Dole ya zaɓi garin da zai yada zango. Idan ta Kazablanka ce, Yamai zuwa can wajen kilomita 2,400 ne, daga can zuwa Niyok 5,800, kuma wannan ita ce ta fi kusa da layin zare. Idan ta Lome ce, sai ya gangara kudu kilomita 800 da ɗoriya, sannan ya ƙetare sama da 8,300 zuwa Newark da ke dab da Niyok. Ta Faris, kafin a dakatar da jiragen Air France a 2023, kilomita 3,950 ne a haura arewa, a ƙara 5,800 a kan teku. Idan kuwa ta Istanbul ce, mutum zai juya wa Amurka baya ya yi kilomita 4,000 zuwa arewa maso gabas, ya zauna jira, sannan ya yi wasu 8,000. Wasu kan tsallaka Kano, wadda ba ta fi kilomita 240 daga gare mu ba, su nemi hanyar Legas ko Abuja. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ko waɗannan lambobin ma na takarda ne, don sararin sama yana da iyakoki kamar ƙasa, kuma ana rufe shi. Tun watan Satumba na 2021 Aljeriya ta hana jiragen Maroko ratsa samanta, ga shi kuma layin da ya fi kusa tsakanin Yamai da Kazablanka ta kudu maso yammacin Aljeriya ya bi, don haka sai an zagaya ta Mali da Muritaniya. Mu ma mun ga namu: lokacin da Nijar ta rufe samanta daga 6 ga Agusta zuwa farkon Satumba na 2023, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka riƙa dogon zagaye, wasu har da tsayawa shan mai. Wannan ya nuna wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Ƙasarmu tana kwance ne a ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin sama na nahiyar. Hukumar ASECNA mai kula da tsaron zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a 1959, tana da cibiyar kula da sararin sama a Yamai, kuma a Yamai ɗin ne makarantar EAMAC take, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu hasashen yanayi daga ƙasashe da dama. Da dare makiyayi a dajin Tanut yana ganin fitilun jirage suna wucewa ta kansa zuwa Turai. Suna bi ta samanmu, ba sa sauka.

Me ya sa? Amsar kamfanoni ita ce kasuwa. Jirgin da zai iya ƙetare Atalantika yana ɗaukar mutum 250 zuwa 300, kuma ba zai tashi da rabin kujeru babu kowa ba. Don haka kowane kamfani yake tattaro fasinjoji daga garuruwa da yawa zuwa gidansa, Kazablanka ko Istanbul ko Adis Ababa, ya cika babban jirgi a can. Akwai kuma dalilin yanayi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fikafikai ba sa samun abin dogara sosai, don haka jirgi mai cike da man tafiyar awa goma yana shan wahalar tashi da tsakar ranar Afrilu a ƙasa irin tamu. Tudu ma haka yake yi: Adis Ababa tana sama da mita 2,300 daga matakin teku, shi ya sa jiragen Habasha masu zuwa Amurka suke yada zango a hanya su sha mai, amma a dawowa sukan zo kai tsaye. Waɗannan hujjoji ne na gaskiya, ban musa ba. Sai dai ban yarda su kaɗai ba ne. A 1961 ƙasashen Afirka rainon Faransa, har da Nijar, suka haɗa hannu suka kafa Air Afrique, kuma jiragensa sun riƙa tashi daga Dakar zuwa Niyok. Bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka durƙusar da shi a 2002. An yi yarjejeniyar Yamusukuro a 1999 don a buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, an sake ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a 2018, amma har yanzu ɗan Afirka yakan fita nahiyar kafin ya isa wata ƙasar Afirka. Teku kuwa ba ta taɓa zama babban shinge ga wannan yanki ba. Mafi ƙanƙantar faɗin Atalantika tsakanin Afirka ta Yamma da Burazil yake, wajen kilomita 3,000 daga Dakar zuwa Natal, kuma tun watan Mayu na 1930 matuƙin nan Jean Mermoz ya ƙetare shi da wasiƙu daga Sanluwi ta Senegal cikin awa 21. A yaƙin duniya na biyu jiragen Amurka ta Natal suke biyowa su shigo Akara, su sauka Kano da Maiduguri, su wuce Khartum. Hanyar ta taɓa ratsa ƙasar Hausa lokacin da masu ƙarfi suke da buƙatar ta.

Akwai wani nisan kuma da agogo ke aunawa. Duniya tana juya digiri 15 kowace awa, shi ya sa Nijar take gaban Niyok da awa 6 a lokacin hunturunsu, awa 5 idan suka tura agogonsu gaba a bazara. Mai tafiya yamma yana bin rana ne, yininsa sai ya miƙe. Jirgin da ya bar Kazablanka da azahar zai yi awa takwas a sama, ya sauka rana ba ta faɗi ba. Ga mai azumi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don buɗa baki da faɗuwar rana a inda mutum yake ake yi, ba da agogon garin da ya baro ba, ko da yake shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi ya sha ya rama. Lokutan salla ma haka suke jirkicewa, la'asar ta daɗe ba ta wuce ba. A dawowa kuma dare ne yake gajarcewa, ka yi isha a Amurka, kafin ka runtsa alfijir ya keto a kan teku. Jiki yakan ɗauki kwanaki kafin ya gane inda yake, kuma tsofaffi sun fi jin sa.

Su tsofaffin ne ma suka sa na ga ya kamata a yi wannan bayani. Ƴan Nijar suna da yawa a Niyok da Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, kuma akan aiko wa uwa ko uba tikiti su je ganin jikoki ko neman magani. Mai saye yakan duba kuɗi kawai, ya ɗauki mafi araha, bai duba ta ina aka bi ba. Hajiya mai ciwon ƙafa, wadda ba ta jin Faransanci balle Turanci, sai ta tsinci kanta a wani ƙaton filin jirgi tana jiran awa goma sha, ba ta san ƙofar da za ta nufa ba. Alhali duk bayanin yana jikin tikitin: garin zango, awannin jira, jimlar lokacin tafiya daga tashi zuwa sauka. Ana kuma iya neman keken guragu da mai rakiya tun lokacin sayen tikiti, kamfanoni suna bayarwa idan an tambaya da wuri. Idan aka haɗa da motar Yamai, hanyar Kazablanka tana kamawa wajen kilomita 9,100, ta Istanbul kuwa kusan 13,000. Tazarar da ke tsakanin tikitin biyu ta haura kilomita 3,800, wato ta fi nisan Damagaram da Makka, kuma a kan kujera guda tsohuwar za ta zauna ta cinye ta.